Yadda Na Bi Manu da Kwalba Har Gungu

Daga Yelwa

Ladan bai gama gyaran murya ba na fito daga ɗaki, buta a hannun hagu, wata 'yar kula mai shuɗin murfi a hannun dama. Matata Tumba ta biyo ni har zaure tana cewa, "Malam, ka dai tuna ba abinci ba ne a ciki." Na ce mata tun ina da baƙin gashi nake gyaran agogo a kasuwar Yelwa, ban taɓa haɗiye batir ba. Na yi asuba a masallacin tasha, na nemi motar Shanga.

Kafin mota ta cika, bari in gaya wa mai karatu abin da ya fitar da tsoho kamata cikin sanyi. Sunana Garba mai agogo. Aji huɗu na yi a firamare, saboda haka duk wanda ya ga kuskure a rubutuna ya je ya tuhumi malamin aji biyar, wanda ban samu ganinsa ba.

Ina da taubashi, Manu, masunci. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo tsirara ba mu da sana'a sai tsokanar juna, kuma har yau ba a raba gardamar wane ne babba tsakaninmu ba. 'Yarsa ta fari, Kulu, a hannunmu ta tashi. Ana yaye ta aka kawo ta gidanmu, yadda ake yi da ɗan fari. Manu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa yi mata magana baki da baki ba. In ta shigo gida, nan take zai tuna yana da tarun da bai ɗinke ba a bakin ruwa. In ta kama dole sai ya ambace ta, sai ya ce "yarinyar gidan Garba". Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka muka tarar. To, yarinyar gidan Garba ta yi karatu har ta wuce inda zan iya binta, yanzu tana aiki a ɗakin bincike na wani babban asibiti.

Matar Manu, Ai, ita ta fara ganin jini a inda yake tsugunawa. Ita ma tana kunyar 'yarta, sai ta gaya wa Tumba a waya, Tumba ta gaya wa Kulu, Kulu ta hau mota ta zo Yelwa da kular nan. A ciki akwai kwalba mai ɗan ruwan magani a gindi.

"Baba," ta ce da ni, "ba zan iya tsayawa gaban mahaifina in ce ya ba ni fitsarinsa ba. Ko na iya, shi ba zai iya ba. Asibiti kuwa ka san ba zai taka ba sai in an ba shi hujja. Kai ne kaɗai a duniya kake gaya masa magana ya zage ka ya kuma yi ta."

Ta yi mini bayani, na riƙe abin da kaina ya ɗauka. Ta ce tsargiyar da muka sha a kogi muna yara, ƙwanta kan maƙale a bangon mafitsara, ya yi ta cizon wurin shekara da shekaru, a wasu mutanen har wurin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Ta ce su da abokan aikinta suna gwada wata na'ura da ke duba ɓurɓushin bangon nan a cikin fitsari, ta buga ƙararrawa tun ciwon yana ɗan ƙarami. Ƙararrawa ce kawai, ba hukunci ba, in ta buga sai likita ya leƙa da idonsa. Sannan ta kafa mini sharaɗi: kada rana ta dafa kwalbar, kuma kada in yaudare shi. Sai ya san mene ne, sai kuma ta ji yardarsa da kunnenta.

Na ce to. A raina kuwa na riga na shirya yaudarar.

Hanyar Shanga

An cusa mu cikin motar kamar ƙananan kifin warangi a kwando, ni a gaba tare da wani mai gwanjo, kular a kan cinyata. Kuɗin mota ba zan faɗa ba, kada masu hawan jini su karanta. Gari ya waye muna tsakanin gonakin albasa, kore shar har bakin fadama.

A shingen farko wani jami'i ya leƙo ya ce, "Baba, me ke cikin kula?"

Na ce, "Kwalbar fitsari ce, ranka ya daɗe, amma fanko. In Allah ya yarda zan dawo maka da ita cike."

Ya kalli direba, direba ya kalli titi. Ya ce mu wuce.

Rana ta ɗan ɗaga muka sauka. Na sha koko da ƙosai a tasha, na hau kabu-kabu zuwa tungar da aka ce Manu yana zaune, wato irin bukkokin da masunta ke kafawa a bakin ruwa su tashi in kifi ya tashi. Na tarar da bukkarsa babu ko tabarma. Wani tsohon Basarke masunci da ke ɗinkin tarun birgi a inuwa ya ce mini ai sun bi ruwa sun yi ƙasa, can wajen Wara, a wani gungu, wato tsibiri.

Na tambaye shi lafiyar Manu. Sai ya kece da dariya. "Manu ai ya koma yaro! Hitsarinai ya yi ja kamar na ɗan shekara goma. Ya ce muna kuruciya ta dawo, mu ɓoye ɗiyanmu mata."

Na taya shi dariya, amma ba ta sauka cikina ba. Na tuna muna yara a bakin kogi, mukan jera mu yi gasar wanda nasa ya fi ja. Yaron da nasa ya fito fari, mukan ce bai zama namiji ba tukuna, har ya koma gida yana kuka. Ba wanda ya taɓa kiran abin cuta. Alamar girma ce, kamar kaurin murya. Ga shi yau tsoho mai jikoki ya ga baƙon da ya kamata ya firgita shi, ya shimfiɗa masa tabarma yana murna, don ya ɗauka tsohon aboki ne.

A jirgin albasa

Da azahar na samu jirgin ruwa mai gangarawa Yelwa, an loda masa buhunan albasa har ruwa na lasar leɓensa. Aka miƙo mini rigar ruwa, na ɗaura ta a kan babbar riga, na zama kamar tulun da aka yi wa gammo a wuya.

Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Bakambara, mai baki kamar reza. Ta ga yadda nake kāre kular da bakin rigata, ta tambaya, na gaya mata.

Ta ce, "Uhm. Masu ɗakin binciken nan, ba su ne aka ce suna kiwon cuta a kwalba ba?"

Na gyara zama, don dama ina neman wanda zan sauke wa ilimina kafin ya huce. Na ce mata gaskiya ne, akwai wani abokin aikin Kulu da ke wasa da ƙwayar cuta, amma yadda take yi da duma ne. Ai duma ɗanye ɗaci gare shi, ba mai sha. Sai a fafe shi, a kwashe cikin a zubar, a bar ɓawon, ya zama goran da za a ba jariri ruwa. Haka suke yi wa ƙwayar: su zubar da mugun cikinta, su gyara rigarta, su tura rigar cikin jiki don jiki ya san kamannin ɓarawo tun bai zo ba, ko su zuba magani a ciki ta kai shi inda ake so.

Ta ce, "In ba su kwashe cikin da kyau ba fa?"

Kulu dai ba ta kai ni nan ba. Na ce, "Shi ya sa suke daɗewa suna kankara, Inna."

Ta ce, "To su yi ta kankara. Ni dai sai na ga wani ya sha bai mutu ba." Ta ba ni ƙuli-ƙuli, muka rabu a kan haka, kuma har yanzu ina ganin ba ta yi wauta ba.

A ranar na kwana a gidana. Babu masaukin da ya kai shi arha, sai dai mai masaukin ta fi 'yan shinge tambaya.

Ngaski da Wara

Washegari na sake sammako, wannan karon na yi kudu. Motar ta tsaya a Ngaski tayarta ta sace, muka zauna a gindin mangwaro muna kallon mata masu dakon itace a kafaɗa suna wucewa kasuwa. Daga nan hanya ta koma rabi kwalta rabi addu'a. Muka isa Wara rana tana tsaka. Na ci tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa a wata rumfa, na sayi ƙanƙara wurin mai sayar da ruwan leda na zuba a kula, na gangara bakin tafki.

Wanda bai taɓa ganin tafkin Kainji daga nan ba zai ce teku ce. Mai jirgin da ya ɗauke ni ya san gungun su Manu. Mun yi nisa, ƙasa ta zama zare a bayanmu, sai na hango wani dutse mai tsagin kai ya leƙo daga ruwa. Na san shi. A gindinsa garinmu yake kafin a tare kogi. Na roƙi mai jirgi ya rage wuta.

Babu abin gani sai ruwa. Amma a ƙarƙashin jirgin nan akwai tsamiyar da aka yi mana kaciya ni da Manu a gindinta, da kabarin kakarmu, wadda ita kaɗai ta san wanda ya riga wani faɗowa duniya, ta kuma tafi da sanin don tana jin daɗin faɗanmu. Na karanta mata Fatiha. Na yi tunanin maganar Kulu, cewa jiki ba ya mantuwa: ruwan da ka sha, da yunwar da ka yi, da hayaƙin da ka shaƙa, duk suna barin alama a can ciki. Garin ya nutse, gidajen sun narke, amma ashe kogin da muka yi wanka a ciki yana nan a mafitsarar Manu, bai tafi ko'ina ba.

A gungu

Na same shi da la'asar a kan yashi yana matsa dalma a gindin taru. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ɗago ya gan ni, ya ce, "A'a! Wa ya mutu, da ƙanena ya hau ruwa?"

Na ce, "Yayanka ya zo duba ka, mara kunya. Tashi ka karɓi kaya."

Matarsa Ai ta kawo mana fura da gasasshen kifi karfasa. Ta kalli kular, ta kalle ni, ta koma bukka.

Da muka ci muka sha, na fito da dabarata. Na ce masa Turawa sun ƙera na'urar da ke faɗin shekarun mutum daga abin da ya fito daga jikinsa, kuma wannan ba ƙarya ba ce, Kulu ta taɓa gaya mini akwai irinta. Na ce ni na riga na ba da nawa, saura nasa, a raba gardama kowa ya huta.

Manu ya ci gaba da matsa dalmarsa da haƙori. Can ya ce, "Garba, kai da ko goro ba ka saye sai an yi maka ragi, ka hau mota, ka hau jirgi, ka sayi ƙanƙara, don a ce ka girme ni? Wagga kwalba daga gidanka ta hito. Na san mai ita."

Ƙaryata ta mutu tun ba ta yi rarrafe ba. Na ajiye wasa, abin da ban saba yi da shi ba, har na ji bakina wani iri. Na ce masa jinin nan ba kuruciya ba ce. Na ce na yaro daban, na tsoho daban, kuma na tsoho in ya zo babu zafi, shi ya fi zama abin tsoro.

Ya ce, "To mi kwalba za ta gani wanda ni ban gani ba? Ja ne, na gani."

Sai idona ya faɗa kan tarunsa. Na ce, "Wannan tarun, in ka matsa dalma a nan, me zai faru?"

"Wurin ya nutse."

"In ka matsa ta a sama, wajen da gora ya kamata ya zauna?"

"Sai kihi ya bi ta kai ya wuce. Wane sakarai zai yi haka?"

Na ce masa to haka mai kwalbar ta ce jikin mutum yake. A cikin kowace ƙwayar naman jikinmu akwai wani dogon zare da Allah ya saƙa umarninsa a kai. Zaren ba ya sauyawa, amma akwai 'yan ƙananan dalma da ake matsa masa nan da can. Inda aka matsa, wurin ya nutse ya yi shiru, inda aka bari, ya yi aiki. In daji zai fara, sai dalmar ta koma kan wuraren da ke gadi, masu gadin su nutse, ɓarna ta bi ta kai ta wuce. Na'urar ba ja take dubawa ba. Wurin zaman dalmar take dubawa, tun tarun bai yage ba.

Ya daɗe yana juya dalma ɗaya a tafin hannunsa. Sannan ya faɗi abin da ke cinsa, a hankali, yana kallon ruwa. "Garba, ɗiyar da ban taɓa buɗe baki na kira ba, ita za ta ɗauki hitsarina ta ɗaga sama tana kallo? Gara in mutu da mutuncina."

Na ce, "In ka mutu, wa zai gaya mata dalili? Ni? In ce mata ubanki ya fi jin kunyarki a kan ya rayu ya ga 'ya'yanki? Ka bar mini ita tana jaririya, na riƙe, ban yi ƙorafi ba. Wannan kayan kam ba zan ɗaukar maka ba."

Ya ajiye dalmar. Ya tashi ya yi alwala. Muka yi magariba, shi a gaba, don ya ce babba ke limanci, ni kuma ban da ƙarfin musu a ranar.

Da hantsi washegari ina zaune ina gyara wa Ai wani agogon bango da ya shekara a mace, sai na ga Manu ya zo ya ɗauki kular ba tare da ya dube ni ba, ya zaga bayan ciyawa. Ya dawo ya dangwarar da ita gabana ya ce, "Ga tsiyarka nan."

Na ce saura ɗaya. Kulu ta ce sai ta ji yardarsa da kunnenta, dokar aikinsu ce.

Nan ne aka yi daga. A ƙarshe muka hau wani tudun dutse, inda nan ne kaɗai waya ke kamawa a gungun, na kira Kulu na buɗe murya. Ta gaishe shi. Ta yi bayanin komai, ta ce yana da ikon ya ƙi. Manu ya juya wa wayar baya kamar suruka ce ta shigo. Ya yi ta motsa baki, yana neman abin da zai kira ta da shi, tunda "yarinyar gidan Garba" ba ta faɗuwa tana ji.

Can ya ce, "Garba, ka ce wa Likita na yarda."

Na ce, "Likita, kin ji?"

Ta ce, "Na ji, Baba." Ban san wanne daga cikinmu take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Komawa gida

Jirgin rana ya maido ni Wara, na sake ƙanƙara, na samu mota. A wani shinge aka tambaye ni abin da ke cikin kula, na faɗi gaskiya, na kuma yi tayin buɗewa. Ba a karɓi tayin ba. Na iso Yelwa ana kiran magariba, Kulu na tsaye a tasha. Ta karɓi kular da hannu biyu kamar an miƙo mata jariri, ta hau motar da za ta mayar da ita.

Bayan 'yan makonni ƙararrawar ta buga. Na sake hawa ruwa na taho da Manu na kai shi asibiti, wannan karon bai yi gardama ba sai ta wurin zama a mota. Likitocin suka leƙa, suka ga abin, ɗan ƙarami, bai riga ya kafa saiwa ba. Suka kankare shi. Sun ce sai ya riƙa komawa ana dubawa, domin irinsa yakan sake tsirowa, kuma ba su yi mana alkawarin komai ba. Mu ma ba mu nema ba, wannan na Mai Sama ne.

Na tambayi Kulu batun shekaru, tunda dai an riga an sha wahala. Ta ce waccan na'ura daban ce, kuma ko ita ba ta faɗin wanda aka fara haifa, sai dai wanda duniya ta fi taunawa. Na ce a bar shi, kada a ba Manu nasara a banza.

Ranar da aka sallame shi, a gidana ya sauka. Muna zaune a tsakar gida, Kulu ta fito daga ɗakin Tumba za ta koma bakin aiki, jaka a kafaɗa. Na ga Manu ya fara laluben takalmi, na ce a raina to, ga tarun da ba a ɗinke ba ya tuno. Sai ya fasa. Ya zauna. Idonsa a ƙasa, a kan tabarma, ya ce, "Likita, kin ci abinci?"

Ta tsaya cak. Ta ce, "Na ci, Baba."

Ya ce, "To. Allah shi kiyaye hanya."

Iyakar hirar ke nan, kuma ita ce mafi tsawo da suka taɓa yi. Tumba ta shige madafa tana cewa hayaƙi ya shiga mata ido, alhali ba a hura wuta ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya tsare ni daga ruwa da tayar mota. Na gode wa mai jirgin da ya rage wuta a kan garinmu, da Bakambarar da ta ba ni ƙuli-ƙuli, da Ai da ta ga abu ta faɗa. Duk tsohon bakin ruwa da wannan rubutu ya iske, in ya ga ja, kada ya yi murna, ya nemi asibiti. Manu kuwa, in an karanta masa, ya sani har yanzu ni ne babba.